Gwangwanin Kaka Korau

Ranar da muka kwashe ɗakinsa a Gangare
magada suka raba keke, rediyo, bargo biyu.
Ni gwangwanin madara ya faɗo wa,
mai tsatsa a baki, mai nauyi a gindi.
Na girgiza shi, ya yi tari irin na tsofaffi.

Gwaggo Tasalla ta ce, "Miƙo tsamiya da toka,
kafin la'asar za ki ga fuskarki a cikinsu."
Na ba ta kwabo ɗaya. Ta dirje shi, ta dirje,
ya fito jawur kamar sabon haihuwa,
amma shekarar da ke jikinsa ta bi ruwan wanki.
Daga shi ban ƙara ba.
Baƙin shekara saba'in riga ne, Gwaggo,
kuma ba a tuɓe wa tsoho riga
a sanyin Jos.

Ruwa mai ɗumi kawai, da tsinke, da jira.
Tsumma mai laushi, a danna, kada a goga.
Riƙo ta gefe, kamar mai ɗaukar garwashi,
don gumin yatsa ma yana da haƙori.

Malam Cindo mai gyaran agogo a Dilimi
ya ara mini gilashin da yake maƙalawa a ido.
Na leƙa, sai ga gari ya buɗe:
anini mai huda, ɗan autan kuɗi,
wanda ake zurawa a igiya a ɗaura a ƙugu;
toro mai kusurwoyi, da audugarsa ba a tsince ba;
sule uku, ɗaya na jabu,
na gane shi ta murya, don da ya faɗi kan siminti
sauran sun yi guɗa, shi ya yi gyatsa.
Ashe har Kaka an taɓa cuta a kasuwa,
ya haɗiye, bai kai wa wani ba.

Hoto ya ba ni wahala.
Fitilar waya ta wanke musu fuska fes,
na ɗauki ashirin, duk suka fito farin wata.
Sai maƙwabciyata Kaneng ta ce, "Kashe wutar nan,
kai su bakin taga da hantsi."
Na shimfiɗa baƙin ɗankwali,
na jingine waya a kan littattafai uku,
rana ta shigo a kaikaice, tana rarrafe,
haruffa suka miƙe ɗaya bayan ɗaya.
Ashe haske ba ya karatu
sai inuwa ta riƙe masa allo.

Kuzar da ya ɗauka a ka, daga ramin Bisichi,
ta hau jirgin ƙasa, ta haye teku,
ta dawo ɗan ƙwarya-ƙwarya cikin jan ƙarfe
da kambin wani sarki a kanta,
aka ƙirga masa ita a tafin hannu ranar Asabar.

Kowanne na yi masa ambulan, na rubuta
suna, shekara, nauyi, da inda ya ji ciwo.

Saura ɗaya.
Ba kai, ba tauraro, ba lamba,
sumul kamar dutsen rafi,
da ɗan kwarmi a tsakiya.
Na juya shi a kowane irin haske, ya yi shiru.
Na ɗora takarda na goga fensir, ya ba ni duhu.
Malam Cindo ya auna, ya taɓe baki:
"Wannan ko goro ba zai saya ba."

Da dare na ɗauke shi ba bisa ƙa'ida ba,
na sa babban yatsana a kwarmin.
Ya zauna daram.
Na tuna hannunsa na dama, kullum cikin aljihu,
yana motsi a hankali in ana maganar ramin da ya rufta.

Na jawo ambulan.
Wurin suna na rubuta: Korau.
Wurin shekara na bar shi fili.